Bashin tirela shekara biyar, mulki shekara huɗu: ƙananan 'yan kasuwa da dokokin tarayya a Amurka

Mai Tirela (Ohayo):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka riga ni daɗewa a ƙasar nan. Tirelata ƙirar 2016 ce, ta ci mil wajen dubu ɗari takwas. Satin da ya wuce ta tsayar da ni a hanya da lodi a baya. Ba inji ba ne, ba giya ba ce. Wani ɗan sensa ne ya ce ruwan DEF ɗina, wato ruwan rage gubar hayaƙi, ba shi da kyau, kwamfutar motar ta fara rage mini ƙarfi, kafin in isa wurin gyara ta mayar da ni tafiyar mil biyar a awa. Kuɗin janwe, kuɗin gyara, ga lodin da ya makara, ribar wata guda ta tafi.

Yanzu gaba kura baya sayaki. Ko in ci bashi in sayi wadda ta fi wannan sabunta, ko in ci gaba da lallaɓa ta. Bashin na shekara biyar ne. A cikin shekara biyar ɗin nan akwai zaɓen majalisa na Nuwamban 2026, akwai na shugaban ƙasa a 2028, kuma kowace gwamnati ta hau da nata ra'ayin kan mai da hayaƙi. Ta yaya mai mota ɗaya zai yi lissafi a haka?

Alhaji Mai Gidan Mai:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, ɗana. Bari in fara cire maka abu ɗaya daga lissafin, wato farashin mai. Shekara goma sha tara ina bayan kanta, kuma duk lokacin zaɓe sai mutum ya shigo biyan kuɗi ya tsaya yana gaya mini shugaban ƙasa ne ya tsadar da galan. Harajin tarayya a kan galan na fetur senti 18.4 ne, na dizal senti 24.4, kuma tun 1993 ba a taɓa shi ba. Bush, Obama, Trump, Biden, duk a haka suka same shi, a haka suka bar shi. Abin da ke ɗaga farashi ya sauke shi shi ne kuɗin gangar ɗanyen mai a kasuwar duniya, sai matatu, sai harajin jiha. A Afrilun 2020 lokacin korona har sai da farashin ganga ya faɗi ƙasa da sifili na yini ɗaya don babu inda za a zuba man. A Yunin 2022, bayan Rasha ta shiga Yukren, fetur ya taɓa dala biyar, dizal ya kai wajen dala 5.80. Ba ƙuri'a ce ta yi ko ɗaya ba.

Direban Tekzas:
Alhaji, da girmanka, amma a nan ban yarda ba. Ranar farko da Biden ya shiga ofis a Janairun 2021 ya soke izinin bututun mai na Keystone XL. Ka gaya wa masu zuba jari ba ka son harkarsu, sannan ka yi mamakin tsada? Ni a 2022 na kusa sayar da motata. Mai tafiyar mil dubu ɗari a shekara, motarsa na cin galan ɗaya a mil shida da rabi, galan dubu goma sha biyar ke nan da ɗoriya. Dala ɗaya ta ƙaru a galan, dala dubu goma sha biyar ta fita daga aljihunsa. Manyan kamfanoni suna da yarjejeniya da ke ɗora wa mai kaya ƙarin kuɗin mai. Mu da muke karɓar lodi a hannun dillalai, abin da aka rubuta shi ke nan, ka ɗauka ko ka bari.

Malama Akanta:
Malam na Tekzas, lissafin galan ɗinka daidai ne, na ga irinsa a takardun mutane da yawa a shekarar. Amma bututun nan ba a gama gina shi ba lokacin da aka soke, ko ɗigo bai fara ɗauka ba. Kuma a 2023 Amurka ta haƙo ɗanyen mai fiye da kowace shekara a tarihinta, a 2024 ta sake wucewa, duk a zamanin mutumin da kake cewa. Shi kansa ya gwada abin da yake hannunsa: ya fitar da ganga miliyan 180 daga rumbun ajiyar ƙasa a 2022, ya roƙi majalisa ta dakatar da harajin mai na wata uku, majalisa ba ta yi ba. Ba kare shi nake ba. Ina so dai mu nemi ciwon a inda yake.

Direban Tekzas:
To ina yake, Malama? Ni dai na san wanda ya ce zai rage mini dokoki, wato Trump, shi ne nawa.

Bakanike:
Bari in shigo, tunda motar ɗan'uwanmu ce ta jawo maganar, kuma irinta nake kwana a ƙarƙashi.

Abin da ya tsayar da kai, Yaya, ya girmi Biden, ya girmi Trump. A 2006 aka rage farar wuta a cikin dizal na hanya daga kashi 500 cikin miliyan zuwa 15. An yi haka ne don injinan 2007 su iya ɗaukar matatar toka a salansa, saboda farar wuta na kashe ta. A 2010 aka ƙara matse ma'aunin wata iskar mai guba, shi ya kawo ruwan DEF, wanda ba komai ba ne illa yuriya, irin na taki, kashi 32.5 cikin ɗari a ruwa mai tsabta. Ana fesa shi cikin salansa ya karya gubar. Tun ƙarshen mulkin Clinton aka rubuta dokar, a zamanin Bush ta fara aiki, Obama ya tarar da ita.

Tsarin yana aiki, wannan gaskiya ce. Tsohuwar mota in ta tashi a gareji sai kowa ya fita waje, sabuwa kuwa farin ƙyalle za ka sa a bakin salansa ka ɗauke shi kusan yadda yake. Inda aka cuci mai mota ɗaya shi ne hukuncin da aka ɗora wa kwamfutar: sensa na dala ɗari biyu ya yi ƙarya, ita ba ta san ƙarya ba ne, sai ta ɗaure mota gaba ɗaya. Kamfani mai mota dubu zai aiko wata ta ɗauki lodin. Kai motarka ita ce ofishinka, ita ce albashinka.

Wani abu kuma, ka tambayi dilan injinka. A Agustan 2025 hukumar kare muhalli ta EPA ta fitar da sabon umarni ga masu ƙera injina su gyara manhajar yadda ba za ta riƙa durƙusar da mota nan take ba, a ba direba lokaci ya kai wurin gyara. Ka tambaya ko ta fito wa ƙirar injinka.

Mai Tirela (Ohayo):
Na gode ƙwarai. Amma gaskiya akwai wanda ya ba ni shawarar in cire tsarin gaba ɗaya, a sake wa kwamfutar lissafi. Ya ce yanzu gwamnatin da ke kai ba ta damu ba.

Bakanike:
Kada ka fara. Ni duk wata sai an kawo mini wannan aikin da kuɗi a hannu, ban taɓa karɓa ba. Dokar tsabtar iska ce ta hana, majalisa ce ta yi ta a 1970 ta ƙara mata ƙarfi a 1990, kuma tana nan ko waye a Fadar White House. An ci garejoji tara mai nauyi a kan wannan, an rufe wasu. Ko da yau an kau da kai, motar tana nan a hannunka bayan 2028. Kuma ranar da za ka sayar, dila mai mutunci ba zai karɓa ba sai ka mayar da abin da ka cire, kuɗin mayarwar ya fi na cirewar.

Hajiya (Bronx):
Ina karanta ku tun ɗazu, na yi ta danne zuciyata, amma dole in yi magana. Shagona da gidana suna kudancin Bronx. Kasuwar Hunts Point na nan kusa, wadda ke ciyar da birnin Niyok, dare da rana tireloli na shiga suna fita, ga manyan tituna sun kewaye mu. Unguwar nan an san ta a duk ƙasar da yawan yara masu asma. Autana yana cikinsu. Wanda bai taɓa zama a asibiti ƙarfe uku na dare yana kallon ƙirjin ɗansa na lotsawa ba, bai san abin da kalmar hayaƙi take nufi ba.

Ni ma 'yar kasuwa ce. Duk ranar da na kwana asibiti, shago a rufe yake wuni, haya kuma ba ta tsayawa. To wannan asarar a littafin wa za a rubuta ta? In an ce an sassauta doka an sauƙaƙa wa ƙaramin ɗan kasuwa, ku tambaya wanne daga ciki. Malam na Ohayo, ina roƙonka da Allah kada ka cire abin nan. Ta ƙofar wani za ka wuce.

Mai Tirela (Ohayo):
Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya mai ɗorewa. Wallahi kin sa jikina ya yi sanyi. Na bar maganar cirewa.

Direban Tekzas:
Allah ya ba shi lafiya, Hajiya. Babu mai son yaro ya wahala, ni ma ina da 'ya'ya. Amma ki dubi abin da aka yi a Kalifoniya. Daga Janairun 2023 duk babbar motar dizal da injinta ya girmi 2010 ba za a sabunta mata rajista a jihar ba. Na san mutanen da suka gama biyan bashin mota da ƙyar, sun fara numfashi ke nan, aka ce motar ta zama haram a jiharsu. Suka kai ta wata jihar suka sayar da araha, suka koma cin sabon bashi. Wasu suka bar sana'ar suka koma yi wa kamfani tuƙi. Motar ba ta daina hayaƙi ba fa, wata jihar kawai ta koma. In iska ta kowa ce, me ya sa mai mota ɗaya ne zai biya kuɗin tsabtace ta shi kaɗai?

Hajiya (Bronx):
Wannan tambayar taka ta ƙarshe na yarda da ita. A taimaka masa ya sauya motar, daga kuɗin kowa. Amma ba a ce a bar hayaƙin ba.

Malama Akanta:
To kun ga inda kuka haɗu. Ni abin da nake gani a teburina ba tsananin doka ba ne ke karya mutane, juyawarta ce. Bari in ba ku misali biyu da suka faru a gabanmu duka.

Na farko, rajistar masu kamfani. Majalisa ta yi dokar a farkon Janairun 2021, a cikin kasafin tsaro, da ƙuri'un jam'iyyun biyu. Manufarta a hana masu wanke kuɗin haram ɓuya a bayan kamfanonin bogi. Ta fara aiki 1 ga Janairun 2024: duk mai ƙaramin kamfani, har mai kamfanin mutum ɗaya da ake kira LLC, sai ya aika sunansa da adireshinsa da hoton shaidarsa ga wata hukuma a Ma'aikatar Baitulmali. Kamfanoni sama da miliyan 32 abin ya shafa. Wanda ya ƙi da gangan, tarar dala 500 a kowace rana, har da yiwuwar ɗauri. Amma ku ji wanda aka keɓe: kamfanin da ke da ma'aikata sama da 20 da cinikin sama da dala miliyan biyar. Wato babba ya wuce, ƙarami ya cike fom. A Disamban 2024 wata kotu a Tekzas ta dakatar, kotun ɗaukaka ƙara ta dawo da ita, bayan kwana uku ta sake dakatarwa. Cikin sati ɗaya na aika wa mutanena saƙo uku masu karo da juna. A Maris 2025 sabuwar gwamnati ta ce kamfanonin cikin gida ba sai sun yi ba. Waɗanda suka biya aka cike musu sun biya ke nan. Kuma dokar majalisar ba a soke ta ba, ƙa'idar hukuma ce aka sauya, wata gwamnatin na iya mayar da ita.

Na biyu, kuɗin ƙarin lokaci. Ma'aikaci mai albashin da bai kai dala 35,568 a shekara ba, dole a biya shi ƙari in ya wuce awa 40 a sati. Ma'aikatar Ƙwadago ta ɗaga iyakar zuwa 43,888 daga Yulin 2024, da shirin kai ta 58,656 a Janairun 2025. Masu shaguna suka ƙara wa manajojinsu albashi don su haye layin. A Nuwamban 2024 alƙali a Tekzas ya rushe ƙa'idar duka, aka koma 35,568. Wa zai iya kiran yaronsa ya ce dawo da ƙarin da na yi maka? Kuma irin wannan ta faru a 2016 da ƙa'idar Obama, kwanaki kaɗan kafin ta fara aiki.

Babban kamfani yana da lauyoyi a albashi, aikinsu ke nan su bi wannan juye-juyen. Kuɗinsu in an raba shi a kan ma'aikata dubu goma ba ya ciwo. Mai ma'aikata uku shi ne lauyan kansa, da daddare, bayan ya rufe shago.

Hajiya (Bronx):
Malama, ki ƙara da kwastan. Da, ƙunshin da bai wuce dala 800 ba yana shigowa ba haraji. Da haka nake sayo yadi kaɗan-kaɗan in gwada kasuwa kafin in yi oda babba. A Mayun 2025 aka rufe wa kayan Chaina wannan ƙofar, ƙarshen Agusta aka rufe wa na duniya duka. Wanda Malam na Tekzas ya ce zai rage dokoki, ni a zamaninsa takarduna suka ƙaru.

Direban Tekzas:
Wannan don a kare masana'antun cikin gida ne, Hajiya. Kuma ki faɗi ɗaya gefen. Ragin kashi 20 cikin ɗari da ake yi mana a harajin ribar ƙananan kamfanoni, dokar 2017 ce ta kawo shi, da ƙarshen 2025 zai mutu, dokar da aka sa wa hannu 4 ga Yulin 2025 ta mayar da shi dindindin. Ni wannan na gan shi a aljihuna.

Malama Akanta:
Gaskiya ne, kuma ka lura da bambancin: wannan majalisa ce ta yi, shi ya sa za ka iya gina lissafi a kai. Abin da shugaba ya yi da alƙalaminsa, na bayansa na gogewa da nasa alƙalamin a rana ɗaya. Abin da hukuma ta yi, kotu ko sabuwar gwamnati na iya juyawa cikin shekara ɗaya ko biyu. Abin da majalisa ta yi shi ne mai wuyar tumɓukewa. Shi ya sa nake mamakin masu kwana a kan zaɓen shugaban ƙasa amma ba su san sunan ɗan majalisar mazaɓarsu ba. A Nuwamban 2026 duk kujeru 435 na Majalisar Wakilai za a zaɓa, da kusan sulusin na Dattawa.

Mai Yankan Ciyawa:
Salamu alaikum. Ni ƙaramin cikinku ne a jari, injinan yankan ciyawa shida da a-kori-kura ɗaya. Tawa matsalar itanol ce. Fetur ɗin da ake sayarwa kusan ko'ina akwai giyar masara kashi goma a ciki. Mota ba ta damu ba, amma ƙaramin inji in ya kwana da shi lokacin sanyi, yana jan ruwa, ya toshe kafireto, ya cinye roba. Yanzu ga mai kashi 15, wanda aka amince wa motocin 2001 zuwa sama kawai, an hana zuba shi a ƙananan injina. Shi ne ya fi araha a famfo, yaron aikina ya gani ya cika jarkoki da shi, da niyyar ya yi mini tattali. Wa ya kawo wannan tsarin ne don Allah?

Alhaji Mai Gidan Mai:
Dokar makamashi ta 2005 ce, aka faɗaɗa ta a 2007, duk zamanin Bush. Ta wajabta wa matatu su gauraya man da aka samo daga amfanin gona. Kuma kada ka sa ran wani zaɓe zai cire ta. Jihar Ayowa ce kan gaba a noman masara da yin itanol, kuma shekara da shekaru daga can ake fara zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa. Fiye da sulusin masarar ƙasar nan a itanol take ƙarewa. Mai kashi 15 ɗin nan a ƙa'ida ana taƙaita sayar da shi da bazara saboda tururinsa, amma Biden ya ba da izinin gaggawa a 2022 da shekarun bayanta, Trump ya zo ya ci gaba a 2025. A nan ba su da saɓani. Manomin Ayowa ma ƙaramin ɗan kasuwa ne, sai dai shi yana da ƙungiya, yana da sanatoci biyu da ba sa wasa da maganarsa.

Ka nemi gidan man da ke sayar da fetur marar gauraye don injinanka, ka rubuta a jikin jarkokin da manyan baƙaƙe.

Tunda an zo kan gidan mai, dattijon da na sayi wurin nan a hannunsa ya ba ni labarin 1998. A 1988 aka fitar da ƙa'idar tankunan ƙarƙashin ƙasa, saboda tsofaffin na ƙarfe suna tsatsa suna yoyo cikin ruwan sha. Aka ba da shekara goma a gyara ko a sauya. Ya ce maƙwabtansa da yawa sun zauna suna jiran wata gwamnati ta zo ta ɗage wa'adin. Bush babba ya zo ya tafi, Clinton ya zo, ba a ɗage ba. Waɗanda suka jira suka rufe. Shi ya riƙa ajiye kaɗan-kaɗan tun shekarar farko. Dokar ta yi tsada, amma an faɗi ranar, ba a kuma canja ta ba, mai shiri ya shirya. Irin wannan ni ba na jin tsoronta.

Sabon Zuwa:
Baba Alhaji, Anti Malama, ku yi haƙuri da tambayata. Shekarata biyu da zuwa, ina da katin zama na dindindin, ina koyon tuƙin babbar mota. Lokacin da na je karɓar lasin an tambaye ni ko zan yi rajistar zaɓe. Tunda abin ya shafe mu haka, in yi?

Alhaji Mai Gidan Mai:
A'a! Kada ka kuskura, ɗana. Zaɓen tarayya na 'yan ƙasa ne kawai. Mai katin zama in ya yi rajista ya ce shi ɗan ƙasa ne, ko ya jefa ƙuri'a, zai iya rasa katin, a hana shi zama ɗan ƙasa, a mayar da shi gida. Ko an miƙo maka fom ka ce a'a. Ka jira lokacinka.

Kuma ka dage da Turanci. Sharaɗin direban babbar mota ya iya karanta alamun hanya ya amsa tambayar jami'i tsoho ne, amma daga 2016 an daina sauke direba daga mota a kansa. A Afrilun 2025 shugaban ƙasa ya ba da umarni, daga ƙarshen Yuni aka koma saukewa nan take. Ka ga wani misalin: dokar ba ta canja ba, hannun da ke riƙe da ita ne ya canja.

Malama Akanta:
Amma ƙanena, akwai ƙofar da ba ta tambayar fasfo. Tun 1946 doka ta ce kafin hukumar tarayya ta kafa sabuwar ƙa'ida, sai ta buga daftarin ta ba jama'a lokaci su yi sharhi, galibi kwana 30 zuwa 60, kuma sai ta amsa ƙorafe-ƙorafe masu ma'ana, in ba haka ba kotu na iya rushe ƙa'idar. Kowa na iya rubutawa a shafin gwamnati na intanet. Wata dokar ta 1980 kuma ta wajabta musu su auna nauyin ƙa'idar a kan ƙananan kamfanoni. Sharhin da ke aiki ba na zagi ba ne. Irin abin da Malam na Ohayo ya rubuta a sama ne: ga ƙirar motata, ga abin da ya faru, ga abin da na kashe. Irin na Hajiya ne: ga unguwata, ga kwanakin da na rufe shago.

Kada ku ce ƙarami ba ya motsa komai. Shari'ar da ta fi girgiza hukumomin tarayya a 'yan shekarun nan masunta ne suka kai ta, daga jihar New Jersey. An ce su ɗauki mai sa ido na gwamnati a jirginsu, kuma su biya shi daga aljihunsu, wajen dala 700 a rana. Suka ce majalisa ba ta ba da wannan ikon ba. A Yunin 2024 Kotun Ƙoli ta soke ƙa'idar 1984 da ke sa alƙalai su bi fassarar hukuma in doka ba ta fito fili ba. Ni ina da damuwa a kan hukuncin, domin yanzu kusan kowace ƙa'ida sai ta kwana a kotu, jiran kuma mu yake ci. Amma dai masu ƙananan jirage ne suka fara.

Direban Tekzas:
Masuntan nan lauyoyin manyan ƙungiyoyi ne suka tsaya musu kyauta, Malama. Ba da kuɗin kifi suka kai Kotun Ƙoli ba. Mun yi ta rubutu a kan na'urar ELD mai ƙirga awannin tuƙi, ƙungiyar masu motocin kansu har kotu ta je, a Disamban 2017 aka ɗaura mana ita. Awa 11 na tuƙi a cikin 14, agogo na tafiya ko kana zaune awa biyar a bakin sito kana jiran a sauke maka kaya.

Malama Akanta:
Haka ne, ba kullum ake nasara ba. Ita ELD majalisa ce ta umarta a dokar 2012, shi ya sa sharhi bai iya kashe ta ba, a zamanin Trump ma ta fara aiki. Amma a 2020 an sassauta ƙa'idar hutun minti 30 da yadda ake raba awannin barci, bayan direbobi sun yi ta rubutawa.

Mai Tirela (Ohayo):
Na karanta duka sau biyu. To ku dawo da ni kan motata. In saya ko in gyara?

Bakanike:
Sabuwa fil ba taka ba ce yanzu, akwai harajin tarayya kashi 12 a kanta kafin ka murɗa makulli, ta hannu ba ta da shi. Akwai kuma ma'aunin hayaƙi na injinan 2027 da aka kammala a Disamban 2022, wanda gwamnatin Trump ta ce a 2025 za ta sake dubawa. A 2006 mutane sun yi rububin saye kafin injinan 2007 su fito, farashi ya hau, bayan nan kasuwa ta faɗi. Kada rububi ya ja ka. Kusan kowace mota daga 2010 zuwa yau tsarin DEF ɗin nan ne a jikinta, sauya mota ba zai raba ka da sensa ba. Kawo ta in auna matsin injin, in duba man. In ƙasan injin lafiya, mu wanke matatar, mu sauya sensocin duka a lokaci ɗaya, ka riƙa yawo da na ajiya.

Malama Akanta:
In kuma ya ce injin ya gaji, dokar Yulin 2025 ta dawo da cire kuɗin kayan aiki ɗari bisa ɗari daga ribar shekarar da aka saya, har da na hannu, ga abin da aka saya bayan 19 ga Janairun 2025. Da ya sauka zuwa kashi 60 a 2024. Amma cirewar ba ta da amfani in babu ribar da za a cire daga ciki. Turo mini takardun harajinka na shekara biyu da na bankin wata shida. Za mu gwada biyan bashin a kan dizal na dala shida, mu ga ko za ka iya ɗauka.

Hajiya (Bronx):
Malama, in an buɗe sharhi a kan na injinan 2027 ɗin nan ki sanar da mu a nan. Zan rubuta. Turancina na kasuwa ne, sai ki duba mini.

Direban Tekzas:
Ni ma zan rubuta, Hajiya, kodayake na san ba abu ɗaya za mu ce ba.

Mai Tirela (Ohayo):
Allah ya saka wa kowa da alheri. Malam Bakanike, ina da lodi zuwa Alhamis, in Allah ya yarda Juma'a bayan masallaci zan shigo da ita. Malama, takardun na zuwa yau da daddare.